Harbi Uku a Bayan Tudu

"Ƙasa! Kowa ya kwanta ƙasa, don ubanku!"

Muryar Tikyo ce ta ratso bangon kwano. Islaw yana waje a kan babur, inji na ruri a ƙarƙashinsa, tsumma ɗaure a hancinsa. Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi. A can gaba, cikin filin faɗan zakaru, mutum sun fi ɗari biyar suna ihu a kan wani jan zakara, babu wanda ya san ana fashi a ɗan ofishin baya inda ake tara kuɗin caca.

Mutum biyu ne suka shiga: Tikyo, ogan tafiyar, da Dindo, ƙanen matar Islaw. Shi kuwa Islaw ba 'yan sanda yake tsoro ba, ba kuma mai gadi ba. Bindigar da ke hannun Dindo yake tsoro. Shi ya ƙera ta, kuma duk duniya shi kaɗai ya san ba a taɓa harba ta ba, ko sau ɗaya.

"Kada ka harba, Dong," yake ta faɗi a cikin tsumman, don haka muke kiran duk namijin da muka girma. "Don Allah kada ka harba."

Bari in koma baya kaɗan, don ku ji yadda mutum mai shekara arba'in da shida ya tsoma kansa cikin wannan ƙazanta.

Islaw ɗan acaba ne. A gidan surukinsa yake zaune, can kan tudu bayan garin Danao, shi da matarsa Luding. Surukin kuwa shi ne Tatay Meroy, wato Baba Meroy, wanda ya yi shekara arba'in yana ƙera bindiga a wata bukka cikin ayaba, kamar rabin mazan unguwar. Sai dai tasa daban ce. Duk wadda ta fito daga hannunsa tana da ɗan tauraro a gefe, kuma ba a taɓa jin wadda ta fashe a hannun mai ita ba. Wutar walda ta cinye idanun tsohon, har ya zama inuwa kawai yake gani. Ɗansa Dindo kuma ya ƙi sana'ar, ya tafi birnin Cebu yana gararamba. Su kuwa 'yan tashar acaba ba su da aiki sai tsokanar Islaw.

"Ga mijin Luding nan! Yau me surukin ya dafa maka?"

Wannan tsiya ce ta ishe shi. Wata safiya ya shiga bukkar ya ce, "Tatay, ka koya min."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "A wannan shekarun? To, zo. Amma wata shida ba za ka taɓa bindiga ba. Guntayen ƙarfe za ka yi ta liƙawa."

Haka aka yi. Ya koyi buɗe tulun gas ba tare da ya ƙone girarsa ba, bayan ya ƙone ta sau biyu. Ya koyi kallon harshen wuta ta cikin baƙin tabarau. Tatay Meroy yana zaune a gefe, da kunne yake koyarwa.

"Wutarka tana huci kamar mage. Rage ta. Yauwa. Yanzu jira ƙarfen ya yi gumi. Jira, na ce! Ina kake sauri, fasinja ne ke kiranka?"

Gaggawar ita ce ciwon Islaw. Hannunsa yana da kyau, in ya ja layin walda sai ka rantse da allura aka ɗinka. Amma a sama take tsayawa, ba ta shiga ciki. Tsohon ya ɗora guntun a kan uwar maƙera, ya sa guduma, ƙwas! Ya rabe biyu.

"Kwalliya ce wannan, Dong, ba walda ba."

A wata na goma gudumar ta fara kasa raba su. Wani lokaci ke nan, ba kullum ba. Waɗanda suka karye, Islaw ya daina kai wa tsohon, a ƙarƙashin ayaba yake binne su. A haka aka ba shi izinin ƙera ta farko.

To, ga dokar gidan. Duk wanda ya ƙera bindiga, shi zai fara harba ta, da hannunsa na dama, sau uku. Ba a ɗaure ta a itace a ja da igiya. Tatay Meroy ya ce wanda bai yarda ya ba ta hannunsa ba, ba shi da ikon sa ta a hannun ɗan wani. In an ji uku, sannan ya buga tauraro.

Ranar gwajin Islaw ya zagaya bayan tudu shi kaɗai. Ya ɗaga ta. Ya dubi yatsunsa biyar, ya tuna guntayen da ke ƙarƙashin ayaba. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Abin takaicin ma shi ne tun daga gida ya san haka za ta faru, don tsohuwar bindigar surukin tana cikin jakarsa, da kansa ya sa ta. Ita ya ciro. Tau! Tau! Tau!

Da ya dawo, ya tarar da makahon tsoho tsaye a bakin bukka yana murmushi har kunne.

"Na ji, na ji! Luding, yanka kaza! Mijinki ya zama mutum."

Ya laluba ya buga tauraron da hannunsa. Islaw ya ci kazar nan kamar yana tauna tsumma. Bindigar kuma ya naɗe ta ya cusa a saman kwano, ya ce ta farko ce, ba zai sayar ba. Nufinsa in an kwana biyu ya jefa ta teku. Wata uku yana cewa gobe.

Sai ga Dindo ya dawo daga birni, da sabon takalmi da sabon aboki. Ranar Juma'a da tsakar rana suka tare Islaw a rumfar mai abinci, suka saya masa gasasshen alade da shinkafa. Tikyo siriri ne, mai haƙorin zinariya, ba ya kallon mutum a ido.

"Harƙalla ce mai sauƙi, Noy," in ji Dindo, yana kiransa yadda muke kiran yaya. "Minti uku. Mai gadi ɗaya ne, tsoho, kullum hankalinsa na kan zakaru. Direba kawai muke nema, wanda ya san hanyoyin tudu. Babur ma oga ya samo."

"Ba ni ciki."

"Ka ji shi ko?" Tikyo ya ce yana sakace. "Na gaya maka sai ya tambayi matarsa."

Dindo ya ɗaga rigarsa kaɗan. "Duba abin da na tsinta a saman kwanon bukka. Tatay ya hana ni shekara da shekaru, ga shi Allah ya ba ni."

Islaw ya ga tauraron. Ya ajiye cokali.

"Mayar da ita, Dong."

"Don me?"

Kun ji tambayar. Don me? Kalma kaɗan ce amsar, da ya faɗe ta da yanzu ba na ba ku wannan labarin. Amma Tikyo na zaune yana murmushi da haƙorinsa, mai abinci na kasa kunne, kuma kafin yamma zancen zai kai tashar acaba, ya kai kunnen tsohon da ya yanka kaza. Islaw ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba kyau ɗaukar kayan Tatay."

"Haba, Noy! Ƙarfen Tatay ne fa. Wannan ko a ruwa ka jefa ta, ta fito ta yi aiki."

"Ba wanda zai yi harbi," in ji Tikyo. "Nunawa kawai za a yi. Ni ba na son hayaniya."

Wannan maganar Islaw ya kama ya riƙe. Ya gaya wa kansa in yana wurin zai sa ido, in an gama ya karɓe ta ya kai teku. Dubi wauta: mutumin da kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ta bar shi ya tafi fashi.

A cikin ofishin, Nang Choleng, wato Inna Choleng, mai riƙe da kuɗi tana durƙushe, tana tura takardun peso cikin buhun shinkafa. Shekararta sittin, ta ga 'yan iska iri-iri. Ta ɗaga kai ta dubi idanun Dindo a saman tsumman da ya rufe fuska da shi.

"Kai yaro, na san idon nan. Ɗan gidan wa..."

"Rufe min baki, tsohuwa! Cika buhun!" Dindo ya katse ta.

Tikyo ya fizge buhun. "Mu ware!"

Suka juyo. Sai ga mai gadi a bakin ƙofa, kofin giyar kwakwa a hannu ɗaya, doguwar bindigarsa rataye a kafaɗa. Ya saki kofin. Ya kai hannu.

Dindo ba kisa ya yi nufi ba, wannan kowa ya shaida. Sama ya ɗaga ta, don ya tsorata tsohon.

Ƙarar da Islaw ya ji daga waje ba ta harbi ba ce. Ya san ƙarar harbi. Wannan kamar an jefa tukunyar ƙarfe daga saman bene. Sai ihu. Ihun Dindo.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Tikyo ya fito da buhu a guje. Dindo na bayansa yana tangaɗi, hannun dama a cikin hammata, jini na tsiyaya ta gefen wuyansa har cikin sabon takalmin.

"Ja! Ja, shege!" Tikyo ya daka masa tsawa.

Islaw ya janyo Dindo ya zaunar a bayansa, Tikyo ya ɗare ƙarshe. Babur ya zabura — kaji suka watse — wata mai sayar da dafaffiyar masara ta faɗa kwata! Suka bar kwalta suka kama hanyar tudu. Islaw yana jin ɗumin jini na ratsa rigarsa ta baya.

"Asibiti za mu! Oga, asibiti!" in ji Islaw.

"Asibitin uwarka! Miƙe!"

Minti goma bayan haka Sajan Cuizon na 'yan sanda ya iso filin da mota ɗaya da yara uku. Bai tsaya jin surutun 'yan caca ba. Ya tsuguna a ofishin, ya sa hankici ya ɗauki abin da ya rage na bindigar. Ta tsage kamar gwangwanin kifi. Ya juya ta, ya ga tauraro. Shi ma ɗan garin ne.

"Ta Meroy? Ta fashe? Kai, ban yarda ba." Ya miƙe. "Ku bi jinin. Wanda ya zubar da wannan ba zai yi nisa ba."

A gadar rafi, inda hanya ta rabu biyu, Islaw ya ji bakin bindigar Tikyo a ƙeyarsa.

"Tsaya nan. Ku sauka."

"Oga, mutuwa zai yi!"

"Shi ya sa. Jininsa na zana wa 'yan sanda hanya. Sauka, ko in ƙara naka a kai."

"Tikyo," Dindo ya ce da ƙyar, "kai da ka ce mu 'yan uwa ne..."

"Ka gaya wa ubanka ya koyi ƙira."

Ya ture su, ya ja babur ya bi hagu, da buhun da komai. Islaw ya goya Dindo, ya yi ta tafiya har wata 'yar majami'a da ke bakin hanya, ya kwantar da shi a inuwar bango. Ya yage rigarsa ya danna a wuyan. Bai iya kallon hannun ba. Abin da ya rage a wurin ba hannu ba ne.

"Noy."

"Yi shiru, Dong. Kada ka yi magana."

"Kada ka gaya wa Tatay tasa ce ta fashe. Ka ce mai gadi ne ya harbe ni. In ya ji tasa ce, kunya za ta kashe shi."

Allah ya sake buɗe masa ƙofa, a karo na biyu. Ga yaro kwance yana mutuwa da zargin ubansa a zuci, yana kuma ƙoƙarin rufa masa asiri. Islaw ya sunkuya, bakinsa dab da kunnen Dindo. "Dong, bindigar nan..."

Jiniya! Daga ƙasan tudu, tana hawowa.

"Gudu, Noy. Saboda Luding. Gudu!"

Ya gudu. Ba zan yi masa kwaskwarima ba: ya faɗa gonar masara da gudu kamar ɓera, ya bar yaron a jikin bango. A rafi ya wanke jikinsa, ya binne sauran rigar, ya shiga gida ta baya ya ce wa Luding zafi ne ya sa ya tuɓe.

Dindo ya cika a bayan motar 'yan sanda, kafin su kai kwalta. Sajan ya tambaye shi sau uku wane ne direban. Bai faɗa ba.

Washegari da hantsi Sajan Cuizon ya hawo tudun da kansa. Ya cire hula kafin ya shiga, ya faɗi abin da ya kawo shi. Luding ta zube a ƙasa. Tatay Meroy bai motsa ba, hannu kawai ya miƙa. Sajan ya sa masa tsagaggen ƙarfen a tafi. Yatsun tsohon suka bi tauraron, suka gangara kan layin waldar, mai kyau kamar ɗinkin allura, suka tsaya a inda ya rabe. Ya daɗe a wurin.

"Wa ya ƙera ta, Noy Meroy?"

"Tauraron wa ka gani?"

"Naka. Amma idonka..."

"To, ni ne. Bari in ɗauko sandata."

Islaw ne ya kama masa hannu zuwa mota. A kan gangaren tsohon ya matse yatsunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Na gane hannunka, Dong. Kada ka ce komai. Kuma kada ka ɗora wa kanka. Ka ba ta hannunka sau uku, na ji da kunnena. Ka yi abin da ake yi. Ƙarfe ne ya ci amanarmu. Ni na ƙare, kai ka riƙe min Luding."

Da tsohon ya tofa masa yawu, da ya fi masa sauƙi. Islaw ya ce, "To, Tatay." Ya taimaka masa ya hau motar, har da gyara masa ƙafa. Ya tsaya yana kallo aka tafi da shi.

Ranar Talata labari ya zo cewa an ritsa Tikyo a tashar jirgin ruwa. Ya zaro bindiga, aka riga shi. Buhun ya koma hannun Nang Choleng. Ke nan duk wanda ya san Islaw yana cikin tafiyar ya mutu. Babu mai nemansa. A tashar acaba har gaisuwar ta'aziyya ake masa da girmamawa, ana cewa yanzu shi ne babba a gidan. A bayan idonsa kuma ana cewa tsufa ya ci hannun Meroy, makaho ya ƙi ajiye aiki har ya kashe ɗan cikinsa. Sunan shekara arba'in ya tafi a kwana biyu.

Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka ajiye akwatin Dindo, mai gilashi a saman fuska. Maƙwabta na zaune suna karta, ana zagayawa da kofi da biskit. Ranar Laraba da rana Luding ta fito daga bayan gida da ɗan tsako a tafin hannu, ta ɗora shi a kan gilashin, kamar yadda muke yi wa duk wanda aka zalunta, don tsakon ya yi ta tsattsagar zuciyar mai laifi har ya kasa zama.

"Day, ai Tikyo ya mutu," in ji wata tsohuwa, tana kiran Luding yadda muke kiran ƙaramar mace.

"Ba don Tikyo ba ne, Nang. Su uku ne. Akwai wanda ya goya ƙanena har majami'a, sannan ya yar da shi a jikin bango kamar mushen kare. Yana nan yana yawo, yana cin abinci." Ta juyo, idanunta sun kumbura. "Islaw, zo nan. Zuba wa tsakon shinkafa."

Ta juye masa tsabar a hannu. Ya matsa. Fuskar Dindo na ƙarƙashin gilashin, an shafa mata hoda, an ja kwalar riga ta rufe wuyan. Islaw ya barbaɗa shinkafar. Tsakon ya fara: ƙwas, ƙwas, ƙwas, daidai saman goshin yaron.

Ya tsaya. Ya ce bari ya ƙirga goma ya koma kujerarsa. Bai kai shida ba.

"Luding, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni ne direban. Ni na bar shi." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so, 'yan karta suka ɗago. "Kuma bindigar ba ta Tatay ba ce, tawa ce. Wadda kika yanka wa kaza. Ban harba ta ba, Luding. Tsoro na ji. Tasa na harba sau uku don ya ji. Na ga Dindo da ita tun Juma'a, na san za ta iya fashewa, na yi shiru don kada a yi min dariya."

Wani ya ajiye kartarsa a hankali. Islaw ya sunkuyar da kai yana jiran mari, yana ma roƙon Allah ta mare shi.

Ba ta mare shi ba. Ta dube shi kamar baƙon da ya ɓata hanya ya shigo gidan.

"Don kada a yi maka dariya," ta ce.

"E."

"Dindo ya sani?"

"A'a. Ya tafi yana zaton ta Tatay ce."

A nan ne fuskarta ta karye. Ta dafa akwatin da hannu biyu har kukan ya wuce. Sannan ta ɗauke tsakon daga kan gilashin, ta sauke shi ƙasa, ta share sauran shinkafar da gefen hannunta.

"Je ka fito min da ubana," ta ce. "Gobe za a binne ɗansa. Ka gaya masa da bakinka, a gaban Sajan, kafin su rufe ka."

Islaw ya ciro makullin babur ɗinsa ya ajiye a kan tebur, kusa da kofunan kofi. Mutane suka janye ƙafafunsu suka ba shi hanya. Ya gangara tudun a ƙasa, cikin rana, ya bi ta gaban tashar acaba. Babu wanda ya tsokane shi.

Shekara goma sha huɗu alƙali ya ba shi. Tatay Meroy ya fito ya binne ɗansa, aka wanke sunansa a unguwa, amma bai sake shiga bukkar ba, kuma bai kai damina ta biyu ba. Luding ta sayar da tulunan gas ɗin ta koma Cebu wurin ƙanwar uwarta. Islaw ya rubuta mata wasiƙa sau tara. Ba ta amsa ko ɗaya ba.